Kujerar da Ba Ta Hucewa

Tun kafin in ga motar na ji ta. Ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar ina ɓare lemo, sai wani gurnani ya shigo layinmu, irin wanda ƙirjin mutum yake ji kafin kunnensa. Kajin maƙwabta suka watse. Ta shawo kwana a hankali, shuɗiya, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ta yi ƙasa sosai kamar tana shinshina titi. Da ta zo hawa kwalbatin ƙofar gidana cikinta ya gurji siminti, mai tuƙin ya runtse ido kamar nasa cikin aka gurza.

Surukina ne. A gidanmu Ango muke ce masa, ko da yake auren ya shekara uku, domin har yau bai tuɓe kayan angwanci ba. Ko gidan mai za shi sai ya yi wanka da turare. A gefensa 'yata ce ta fari, wadda nake kira Mamana saboda sunan mahaifiyata ta ci. Sai da ya zagayo ya miƙa mata hannu kafin ta iya fitowa. Cikinta wata bakwai, kujerar kuwa da kaɗan ta fi tabarma tudu.

Ango ya durƙusa ya gaishe ni, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce motar tsere ce, daga waje aka shigo da ita. Wai wani tsoho ne mai ita a can, ba ya hawanta sai ranar hutu, ko ƙwarzane babu a jikinta. Wai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabuwa ya biya, kuma a sana'arsa ta dillancin gidaje, motarka ake fara kallo kafin a saurari bakinka.

"Baba, kai ne ka san mota," in ji shi. "Don Allah duba min ita. Ta ci kuɗinta, ko an yi min wayo?"

Ba amsa yake nema ba, yabo yake nema, kuma na tashi da niyyar ba shi. Na goge hannuna a riga, na sunkuya na leƙa ciki. Ƙamshin sabuwar fata ya tare ni. Na ɗora hannu a kan sitiyari, babban yatsana ya bi ɗinkin da ya zagaye tsakiyarsa, yadda hannun kowane maɗinki yake yi ba tare da an sa shi ba. A can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, na ji ƙulli biyu a jere, na biyun ya ɗan karkata hagu. Shekara ashirin da shida ina ɗinkin kujerun mota, ban taɓa ganin wanda yake rufe zare haka ba in ba ni ba.

Na zagaya ɗaya gefen. Na danna fatar da ke gaban kujerar mai zaman banza, wato ta gefen direba, daidai inda fuskar Mamana take kallo ɗazu. Fatar ta lotsa, ta dawo a hankali. A nan ne ya kamata a ce akwai jakar iska, wadda take fashewa ta tare mutum idan mota ta yi karo. Babu ita. Soso ne a ciki, kuma ni na cusa shi.

*

Akwai wani fili mai doguwar katanga a bayan gari, a nan shagona yake, a kusurwar dama in ka shiga. Filin na Maigida ne, shagon ma nasa ne. Sana'arsa ita ce sayen motocin da suka yi mummunan hatsari a ƙasashen waje, waɗanda aka yanke wa hukuncin ba za su ƙara hawa titi ba. A gwanjo yake ɗibar su, a cuso su a kwantena, mu uku mu tashe su. Mai Walda ya miƙar da ƙarfe, Mai Waya ya lallashi fitilu, ni in yi wa ciki sutura. Daga nan a ja mota zuwa wajen fenti, sai kuma wani shago mai bangon gilashi a tsakiyar gari, wanda ko sunansa ba mu taɓa tambaya ba. Babu ɗayanmu da ya taɓa yi wa mai saye ƙarya, tunda babu ɗayanmu da ya taɓa ganin mai saye. Da wannan hujjar muka yi shekara da shekaru muna barcinmu har da minshari.

Wata huɗu kafin wannan yammacin aka buɗe mana kwantenarta, da tsakar rana. Fara ce a lokacin. Da aka zare sakata wani zafi ya fito, tare da wari mai zaƙi-zaƙi wanda duk mai irin aikinmu ya sani, babu kuma mai ambata. Gabanta ya markaɗe, gefen mai zaman banza ya shige ciki har kusan giya. Jakunkunan iskar biyu sun fashe suna reto kamar tsumman da aka shanya. Bel ɗin direba lafiyarsa ƙalau. Na ɗaya kujerar kuwa an yanke shi da almakashi, yanka ɗaya mai tsafta, irin na masu ceto idan za su zaro mutumin da ba zai iya kwance kansa ba.

Mai Walda ya datse gaban gaba ɗaya, ya jona mata na wata 'yar'uwarta da aka daka ta baya. Ni kuma na kwashe kujeru zuwa shago. Da na feɗe fatar kujerar gefe, sai na tarar soson ya sha jini ya ƙoshi, ya yi baƙi har ƙasa. A cikin layin ƙarfen da kujerar take gudu a kai na tsinci ɗan kunne guda ɗaya, ƙarami, mai koren dutse.

Ina da wata ɗabi'a da abokan aikina suke yi min dariya a kai. Duk soson da na samu da jini ba na jefa shi a bola. Jinin ɗan Adam ne, ko ɗan wane ne, ko wane addini yake bi. Nakan naɗe shi a tsumma mai tsafta, in haƙa rami a bayan shago in binne, in yi shiru na ɗan lokaci. Saboda haka ne Mai Walda yake ce min Liman. Ranar ma haka na yi, na haɗa da ɗan kunnen. Na wanke hannu, na dawo ciki ina jin kaina mutumin kirki. Sannan na yanke tsofaffin jakunkunan iskar, na cika ramukansu da sabon soso, na shafa gam, na ja fata a kai. Bel ɗin da aka yanke na haɗa bakinsa na ɗinke, na ɓoye ɗinkin can cikin bango inda yake naɗewa. Sababbin jakunkuna suna da tsada, Maigida kuwa bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Ina girmama matattu ƙwarai. Masu rai ne ban taɓa tunawa da su ba.

Ranar da muka mayar da kujeru, Mai Waya ya jona sabon batir, motar ta farka. Kujerar direba ta matsa gaba da kanta, madubai suka sunkuya, suna neman tsawon wani mutum da ba ya nan. Muryar mace ta yi magana da wani yare, taswira ta bayyana a ɗan allon gaba, da layi mai zuwa wani gida a ƙetaren teku. Sai kuma ƙararrawa ta fara, ƙil, ƙil, ƙil, wata 'yar fitila tana nuna cewa akwai mutum a kujerar gefe, bai ɗaura bel ba. Mu uku muka dubi kujerar. Ko ledar da na rufe ta da ita ban cire ba.

"Baiwar Allah ba ta sauka ba," in ji Mai Waya.

Ya yi dariya, muka taya shi, amma dariyar ba ta yi tsawo ba. Ya bayyana mana cewa akwai wani ma'auni a ƙarƙashin kujerar mai jin nauyin mutum, karon ne ya lanƙwasa shi. Ya datse wayar ƙararrawar, ya kuma sa wata 'yar aba a wayar jakar iska don fitilar gargaɗi ta mutu, motar ta ɗauka kayanta suna nan cif. Washegari aka ja ta aka fita da ita, na manta da ita kamar sauran.

*

To, ga ta yau a ƙofar gidana, an yi mata shuɗin fenti, maƙwabta sun zagaye ta suna sa albarka. Matata ta fito da mayafi a karkace, tana shafa bonet tana godiya ga Allah da 'yarta ta faɗa gidan hutu. Ango yana tsaye yana jiran bakina. Tsakanin mutum da mijin 'yarsa akwai kunya, ko gyaran murya sai an auna, balle in tsaya a gaban jama'a in faɗa masa abin da ya saya da wanda ya haɗa shi. Na ce Allah ya sa alheri, Allah ya tsare hanya. Ya ɗauki wannan a matsayin shaida, ya juya yana gaya wa mutane cewa Baba ya duba ya yaba.

Da za su tafi, Mamana ta dafa ƙofa ta sauka cikin kujerar a hankali, ta jawo bel ta zagaya shi ƙarƙashin cikinta.

"Baba, ka san abin da na fi so a motar nan? Kujerata. Kullum da ɗumi nake samun ta, kamar yanzu wani ya tashi a kai. Tana yi wa bayana daɗi."

Na tsaya riƙe da rabin lemo har ƙarar motar ta ɓace.

Da safe na tare Mai Waya tun bai ajiye jakar aikinsa ba. Da na gaya masa inda farar motar ta ƙare, ya daɗe yana kallon takalminsa. Batun ɗumin kuwa ya ce ba komai ba ne, motocin ƙasashen sanyi suna da waya a cikin kujera mai ɗumama ta, ƙila ta maƙale a kunne. Na ce ƙila. Ban gaya masa cewa wayar da yake magana ta manne a jikin tsohon soson ba, kuma tare na binne su.

Na sami Maigida a ofishinsa yana shan shayi a ƙarƙashin fanka. Mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa yi wa kowa tsawa ba, shi ya sa kowa yake tsoronsa. Na roƙe shi ya karɓi motar ya mayar wa yaron kuɗinsa, ko kuma a sa mata jakunkuna na gaskiya a cire a aikina. Ya saurare ni har ƙarshe, ya taya ni jimami. Ya ce shi ya sayar wa shagon gilashi, shagon ya sayar wa surukina, ciniki ya faɗa tuntuni. Ya tambayi lafiyar mai ciki. Sannan ya ajiye kofi.

"In magana ta fita, ba wanda ya sayo za a nema ba, wanda ya ɗinka za a nema. Ni ko allura ban iya riƙewa ba."

A bakin ƙofa Mai Walda ya jawo ni gefe. Ranar bai ce min Liman ba. Ya ce kada in wahalar da kaina da neman jaka, ko goma na sa mata ba za su yi amfani ba, domin gaban ba nata ba ne. Ya zana min a tafin hannunsa inda layin waldarsa ya bi, daidai ƙarƙashin ƙafafun masu zama. Ya ce a ƙaramin karo za ta riƙe. A babba kuwa gida biyu za ta rabu, kuma da 'yarsa ce, gara masa ta hau keke.

Na zagaya bayan shago don in sami inda zan tsaya ni kaɗai. Ban taɓa yi wa wurin kallon tsaf ba sai ranar. Daga jikin bango har bakin katanga ƙasar ta yi tudu-tudu, ciyawa ta rufe na da can, na baya-bayan nan suna tsirara. Ko da an kawo wani soson gobe, babu sauran inda zan haƙa. Rana tana tsaka, babu iska, amma na ji kamar an juyo ana kallona. Na koma ciki da sauri, na bar ƙofa a buɗe.

Sati biyu na yi ina kewaye-kewaye kamar mai neman aure. Na sa matata ta gaya wa Mamana cewa kujera mai ƙasa ba ta dace da mai ciki ba. Mamana ta ce likita bai hana ba. Na ce motar tana shan mai, Ango ya ce ai shi ya sa ake kallon mai ita da daraja. Na tambayi tsohuwar motarsa, wata mai ƙofa huɗu da ba ta taɓa ba shi kunya ba, sai na ji ya sayar da ita, ya haɗa da filin da suka saya don gini. Ƙorafinsa ɗaya ne, kuma da dariya yake faɗa: wai duk inda ya nufa, matar da ke cikin allon sai ta ce ya juya. Kowace ranar awo a wannan motar yake kai Mamana asibiti, ta babban titi, inda yake son ya nuna wa manyan motoci baya.

Abinci ya daina wuce min. In waya ta yi ƙara ina cikin aiki sai allura ta soki yatsana. Matata ta tambaye ni ko ciwon cikina ne ya tashi, na ce shi ne, ta tsare ni da jiƙe-jiƙe safe da yamma, ina sha don in huta da tambaya. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙarami mai ban kunya, wato kada 'yata ta san ko wane ne ubanta.

Ranar Alhamis Mamana ta kira uwarta ta ce jibi za su je gaida iyayen Ango, tafiyar awa huɗu, yana so su ga motar kafin ta haihu. Asabar da sassafe na ɗauki wuƙar aikina na sa a aljihu.

*

Na same su sun shirya. Ango ya wanke motar tana ɗigar ruwa, ya tayar da ita tana ɗumi, yana kokawa da wata 'yar jaka da ta ƙi shiga but. Mamana tana tsaye a inuwa da gorar ruwa. Sun yi mamakin ganina, domin ban cika zuwa gidansu ba. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba, na san in na tsaya bakina zai sake mutuwa. Na buɗe ƙofar gefe, na durƙusa, na soka wuƙa a fatar gaban kujerar, na ja ta tun daga wannan ƙarshe har wancan.

Ango ya yi wani sauti kamar an taka masa ƙafa. Na sa hannu ina zaro soson guntu-guntu, ina zubarwa a gaban takalmansa. Na yi wa sitiyari haka. Na jawo bel ɗin Mamana har ƙarshensa, ɗinkina ya fito fili, na ɗaga musu shi. Sannan na faɗa musu komai, ina durƙushe, ban ɗaga kai ba: kwantenar, da gaban da aka jona, da abin da na tarar a cikin kujerar, da irin aikin da nake yi a filin nan tun tana 'yar firamare.

Ango ya zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa da farin yadinsa. Mamana ta tako ta tsaya a kaina.

"Baba, motoci nawa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Duk suna kan titi?"

Na ce ban sani ba. Ta yi min irin kallon da mahaifiyata take yi min in na aikata abin da duka ba zai gyara ba. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Muna cikin haka ne ƙararrawar ta fara. Ƙil, ƙil, ƙil. Ƙofa a buɗe, kujera babu kowa, mu uku muna waje, kuma da idona na ga Mai Waya ya datse wannan wayar. Ango ya miƙa hannu ta taga ya kashe motar. Ƙarar ta ƙara bugawa sau biyu kafin ta yi shiru. Mamana ta ja da baya, hannayenta biyu a kan cikinta.

"Ni ba zan sake shiga motar nan ba," ta ce.

Wallahi ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Na koma gida a ƙafa, da kunyata da komai, na ci abinci har na nemi ƙari. Na ɗauka magana ta ƙare.

*

Bayan kwana tara Ango ya shigo filinmu da motar, da hantsi, ragowar soso yana leƙe ta inda na farke. Ya rame. Ko turare bai sa ba. Ya gaishe ni yana kallon bango. Ya ce ya je shagon gilashi, sun nuna masa takardar da ya sa wa hannu cewa ya duba ya gamsu. Ya je wajen masu sayen mota don kayan gyara, abin da suka taya ko a baki ba shi da daɗin faɗa. Amma ya sami mai so, wani da ya daɗe yana yaba ta, zai biya kusan yadda ya saya, in dai cikin motar yana nan yadda ya gan shi.

"Baba, kai ka buɗe. Babu mai iya rufewa yadda ba za a gane ba sai kai."

Na ce a'a. Na faɗa da ƙarfi, har Mai Walda ya kashe injinsa. Na ce na tuba da wannan aikin, duk motar da za ta fita daga hannuna daga yau da gaskiyarta za ta fita. Ango bai yi gardama ba. Ya ce to, shi ke nan, zai ci gaba da hawanta, tunda ba shi da wata, ba shi kuma da abin sayen wata. Ya ce haihuwa saura wata guda. Ya ce ranar da naƙuda ta tashi, motar da ke ƙofar gida ita za a shiga, ko an rantse ko ba a rantse ba. Ba barazana yake yi min ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

Na shiga shago na kira Mamana. So nake ta hana ni. Ita ce fa ta tambaye ni ko duk suna kan titi, na tabbata za ta ce kada in kuskura. Na gaya mata abin da mijinta yake nema. Ina jin numfashinta, mai nauyi, irin na mai tsohon ciki.

"Baba, ni dai ba na so in buɗe ƙofa in gan ta a gidan nan," ta ce. "Sauran kai ka sani."

Na ajiye wayar, na jawo sabon soso.

Ban taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba. Fatar ta kwanta kamar da ita aka ƙera motar. Mai Waya da Mai Walda ba su leƙo ba, kowa ya sami abin yi a ɗaya ƙarshen filin. Da na gama na ce wa Ango ya bar ta kwana biyu gam ya bushe. Ya ce babu hali, mai sayen yana hanya, ya riga ya ce masa su haɗu a bakin titi, gaban katangarmu.

Ya kamata in zauna a shago. Zaman shagon nan ne ya tsare ni duk shekarun nan. Amma Ango ya manta wayarsa a kan teburina, na ɗauka na bi shi waje.

Mai sayen matashi ne, bai kai Ango shekaru ba, siriri, mai tabarau. A tasi ya zo da matarsa, tana riƙe da yarinya 'yar kamar wata tara, an ɗaure mata ɗan gashinta da jan zare. Yana ta zagaya motar, murmushi ya ƙi ɓoyuwa. Ango ya gan ni ya ɗan daburce, sai ya nuna ni ya ce surukinsa ne, tsohon masanin mota, ni na duba ta ciki da waje. Matashin ya cire tabarau, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce shi aikin banki yake yi, bai san komai game da mota ba, dama abin da yake tsoro ke nan kada a cuce shi. Amma tunda babba ya sa ido a kai, hankalinsa ya kwanta.

Maganar ta zo har kan harshena, na ji nauyinta. Na dubi Ango, na tuna ƙofar gidansu, da watan nan guda da ya rage. Abin da ya fito daban ne.

"Ka riƙa tafiya a hankali, ɗana."

Ya yi dariya. "Baba, ai wannan ba don a hankali aka ƙera ta ba."

Matar ta shiga ta zauna, ta ɗora yarinyar a cinya tunda babu wata kujerar. Yarinyar ta ga sabuwar fata tana sheƙi a gabanta, ta yunƙura ta miƙe a kan cinyar uwarta, ta dafa wurin da hannu ɗaya. Gam bai bushe ba. Da uwar ta janye ta, fatar ba ta dawo ba. Shatin 'yan yatsu biyar ya zauna a wurin, ƙanana, a jere. Babu wanda ya lura sai ni.

Injin ya tashi. Matar ta kama hannun yarinyar ta ɗaga shi ta taga.

"Yi wa Kaka sai an jima. Ce masa mun gode."

Suka hau titi, ya taka ta. Na tsaya ina kallo har shuɗin ya shige tsakanin manyan motoci. Sai da Ango ya ce in ba shi wayarsa, sannan na lura ɗaya hannun nawa yana sama, har yanzu ina ɗaga wa yarinyar.